Babi na Shida: Bayan An Sauke Kaya

Magidancin da ya ɗaura niyyar Hajji daga Likoro ko Gimi ko Paki a shekarun 1930 da 1940 ba ya yanka wa kowa ranar dawowa. Yakan biya bashin da ake bin sa, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara, ya kira ƙaninsa a gaban shaidu ya damƙa masa gona da abin da ya rage a rumbu. Sannan a ɗora tabarmi da tukunya da ɗan buhun gero a kan jaki, uwargida ta goya ƙarami ta riƙe hannun babba, su bi ayari su fuskanci gabas. Masu rakiya sukan kai su bayan gari, a shafa fatiha, a rabu ana hawaye, domin kowa ya san cikin masu tafiyar akwai waɗanda ba za a sake gani ba.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. A bi ta Kano a shiga ƙasar Barno, a haye kogi a Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a ratsa Wadai ta Abashe, a shiga Darfur ta Junaina. Daga nan sai Fashir ko Niyala, sai Ubayyid, inda tun wajen 1912 akwai jirgin ƙasa ga mai kuɗin tikiti. Kafin mutum ya ga ruwan Bahar Maliya a Sawakin ya ci fiye da kilomita 3,000, guzurin talaka kuwa ba ya kai shi rabin haka. Inda kuɗi ya ƙare, nan ake yada zango a nemi abin yi: ƙwadago a gonar wani, ga-ruwa, aski, yankan farce, wanki, rubutun sha ga mai ɗan karatu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai alhazan ƙasar Hausa suka sami wurin da za su yi damina ɗaya ko biyu ko biyar suna tara kuɗin jirgin ruwa. Bayan an tsaya Arfa an ziyarci Madina, aljihu ya sake komawa wayam, kuma da irin wannan aikin za a biya hanyar komawa. Shekara biyar ba abin mamaki ba ce. Goma ma an sha gani.

Labarin wannan tafiya ya sami masu ba da shi. Tsofaffi sun ba da shi a zaure, Turawa sun rubuta shi, har wani masanin ƙasa, J. S. Birks, ya fitar da littafi guda a kansa a 1978. Abin da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba shi ne abin da ke biyo bayan ranar da aka sauke kaya a ƙofar gida. Ni kuwa a ganina nan ne aka fi gwada mutane, kuma nan ne ake ganin cewa Hajjin mutum ɗaya gida guda ne ya ɗauki nauyinsa.

Ranar isowa dai ranar farin ciki ce tsantsa. Labari yakan riga su zuwa, ta bakin fatake ko wani da ya gan su a Kano. Gari ya fita tarye, ana kabbara, maza suna rungumar Alhaji don su sami albarkar jikin da ya taɓa Ka'aba, mata suna guɗa suna karɓe goyon Hajiya. A wancan zamani ana iya bin ƙauyuka da yawa a ƙasar Makarfi ko Ikara ba a tarar da Alhaji ko ɗaya ba. Ɗan ruwan zamzam da aka yi watanni ana lallaɓawa sai a ɗiga shi cikin babbar ƙwarya ta ruwan rijiya don kowa ya sami kurɓa. Dabino ɗaya a raba shi uku. Tasbaha ga liman, kwalli ga gwaggo, zobe ga surukuwa. Mai shigowa ya ce, "Alhaji barka da sauka, Allah ya sa karɓaɓɓe ne," a amsa masa da "Allah ya kira ku, ku ma."

A cikin wannan hayaniya ne kuma ake yin tambayar da ta fi kowace nauyi. Wata tsohuwa za ta ƙirga masu shigowa da ido, ta ga babu ɗiyarta, ko babu jikan da aka tafi da shi yana rarrafe. Ƙyanda da agana da gudawa da ƙishirwa sun bar kaburburan mutanenmu a gefen hanya tun daga Barno har bakin teku, kuma sau da yawa sai a ranar dawowa ne labarin mutuwar da ta shekara shida yake isowa gida. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya ana barka, ɗaki ɗaya ana ta'aziyya. Wanda ya binne da hannunsa ya daɗe da yin nasa kukan, amma dole ya zauna ya sake yin sabon makoki tare da waɗanda yau suka ji.

Bayan mako guda baƙi sukan ja baya. Sai wata safiya Alhaji ya ce wa ƙaninsa su taka su ga gona.

A ƙasar Zazzau ta wancan lokaci, abin da ke riƙe wa talaka gona shi ne noma ta. Wadda aka gada tana nan a hannun gida muddin akwai mai shiga da fartanya. Wadda aka bari ta zama saura shekara da shekaru, dagaci yana da ikon ba wa wani mai buƙata. Akwai aro, akwai kuma jingina, inda mai gona zai karɓi kuɗi ya bar gonar a hannun mai kuɗin har ran da ya biya. Mahajjata da yawa da jingina suka haɗa guzuri, ga shi sun dawo babu ko sisi na fansa. Ƙasar ma ba ta tsaya yadda suka bar ta ba. Tun da layin dogo ya ratsa daga Zariya zuwa Kano a 1911, auduga da gyaɗa suka zama kuɗi, gonakin da ke kusa da gari suka yi daraja, fadamun rake na wajen Makarfi da Kudan kuwa, inda doki ke juya injin matsa ana dafa mazarƙwaila, ba wanda zai bar taki ɗaya a cikinsu ya kwana babu mai shi.

A ɗauka ma an yi sa'a, gonar tana hannun ƙani. Su biyu suna tsaye a bakin iyaka, Alhaji yana duban ɗorawar da ya bari a tsakiyar gona, yanzu ga ta ta koma gefe. Tushen gambar da ke raba su da maƙwabci ya matso kunya goma sha wani abu. Ƙanin ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, shekarar da fara ta cinye mana dawa ce na ba shi nan wurin, ya ba ni dami shida. Da su muka kai kaka." Me Alhaji zai ce? Wannan ƙanin shi ya ci da tsohuwarsu har ta rasu, shi ya yi mata sutura, shi ya kai taki gonar a kan jaki rani bayan rani har ƙasar ta yi baƙi. Ya tafi ya bar shi saurayi, yanzu yana da mata da 'ya'ya biyar, kuma daga wannan gonar suke ci. Mai gona yana da gaskiya, mai noma ta yana da gaskiya. Dattawa sukan zauna su ce wanda ya shuka shi zai girbe na bana, in kaka ta wuce a raba, ko a yanka wa Alhaji wani wuri a daji ya sare. Sassabe sabon wuri kuwa aikin saurayi ne, shi ko ya bar ƙarfinsa a gonakin Jazira.

Watan da aka iso ma yana da nasa hukunci. Wanda ya sauka da bazara, kafin ruwan shuka na watan Mayu ko Yuni, zai iya kama damina. Wanda ya sauka bayan an yi huɗa, shi da iyalinsa sai su ci daga rumbun wani har shekara ta zagayo. Mai unguwa kuma ba zai daɗe ba zai zo gaisuwa da takarda a hannu, a mai da sunan Alhaji cikin masu biyan haraji. Sai ka ga mutumin da ake matsa wa wuri a sahun gaba a masallaci, ake kawo wa jarirai ya tofa musu albarka, da yamma matarsa tana tura yaro da ƙwarya ɗakin faccalarta a auno musu dawa. Girma a waje, rashi a ciki. Wannan shekarar farko ce takan haɗa zumunci ko ta raba shi har jikoki, kuma abin da ke yanke hukunci yawanci halin matar ƙanin ne, wadda ba ta je ko'ina ba, ba wanda zai kira ta Hajiya, amma ita ce za ta ƙara hannu a tukunya kullum ba tare da ta bari an ji a bakinta ba. Ban taɓa jin an ambaci irin waɗannan mata a labarin Hajjin ƙasa ba, alhali da su aka yi shi.

Wanda ya tafi da mace ɗaya ya bar ɗaya, ko ya tafi shi kaɗai da niyyar shekara biyu ta zama tara, wata matsalar ke jiransa. Fikihun Malikiyya bai bar wannan a duhu ba, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malaminsa ya san hukuncin. Matar wanda ya ɓace takan kai ƙara ga alƙali, a yi cigiya, in ba a ji ɗuriyarsa ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in ta so. In mijin farko ya bayyana bayan na biyu ya tare da ita, ba shi da sauran iko a kanta. In kuma bai bar mata abin ci ba, tana iya neman a raba auren tun kafin wannan wa'adi. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai an kai shekarun da ba a zaton irinsa yana raye. Saboda haka mutum yana iya dawowa ya tarar da gonarsa tana jiransa, matarsa kuma tana gidan wani da goyo. Wasiƙun ajami da ake ba masu komowa su kawo sukan yi shekara a hanya, wasu su salwanta, wani lokaci kuma labarin mutuwar wani mai irin sunan ne ya iso aka yi sadakar bakwai. Ba na ganin laifin macen da ta yi aure bayan ta bi ƙa'ida. Waɗanda suka zauna kuma suka jira, suna saƙa da kaɗi suna ciyar da 'ya'ya, sun yi wani irin haƙuri da ya cancanci a faɗe shi da babbar murya.

Ita kuma wadda aka tafi da ita, nata sabon zaman ya fi na mijin wuya, ko da yake ba ta cika faɗa ba. A hanya babu kulle. Ta tsinci auduga kafaɗa da kafaɗa da maza, ta soya ƙosai da waina a bakin zango, ta yi ciniki da Larabci, ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, kuma sau da yawa cinikinta ne ya cika kuɗin jirgin ruwa. Ta san farashin raƙumi daga Fashir zuwa Ubayyid. Yanzu ta dawo cikin gida mai katanga inda uwar miji ko matar wa ke da ta cewa, kuma sunan Hajiya da aka ba ta ya ƙara ɗaure ta, domin ana ganin wadda ta ga ɗakin Allah ba ta dace da zuwa rijiya ko leƙa kasuwa ba. Hikimar da ta tara a ƙasashe uku sai ta koma sayar da ƙuli-ƙuli ta hannun yarinya mai talla.

A madafa ake fara ganin bambancin. Hajiya za ta jiƙa garin dawa tun dare ya kwana ya yi tsami. Da safe ta ɗora faifan ƙarfe a kan murhu, ta shafe shi da ɗan tsumma mai maiƙo, ta zuba ludayi ɗaya na ƙullun, ta ja shi da ɗan guntun kaba sau biyu ko uku har ya baje ya rufe ƙarfen, kafin ka ƙifta ido ta ɓamɓaro shi ta ajiye a faifai ta zuba wani. Kisra ke nan, abincin yau da kullum na mutanen Sudan, kuma shi 'ya'yanta suka sani. Matan gida su kewaye ta suna kallo, wata ta gutsura ta ce ai wannan ba zai riƙe cikin mai noma ba. Miyar ba baƙuwa ba ce sosai, tunda busasshiyar kuɓewa ce a can ma. Amma shayi da gahawa mai citta da aka saba sha safe da yamma, a ƙauyen da sukari sai an je kasuwa, nan da nan ake kiransu almubazzaranci. A hankali faifan ƙarfen yakan koma bayan ɗaki, sai ranar salla ko ranar da kewa ta taso a ɗauko shi.

Akwai wani abu kuma da ya fi abinci zurfi. Shekarun hanya sukan mai da miji da mata da 'ya'ya dunƙule guda. Ɗaki ɗaya suke kwana, akushi ɗaya suke sa hannu, in za a tashi daga zango da matar ake shawara don babu wani babba da za a tambaya. Uba ya goyi ɗansa na fari a wuya ya ratsa rairayi da shi. A gida kuwa akwai gandu, akwai alkunya. In mahaifi yana raye ko akwai wa, su ke cewa ga gonar da za a shiga yau, ga abin da za a fitar daga rumbu, mutum ya samu gayaunarsa kawai ya yi ta kansa. Maza suna ci a zaure, mata a ciki. Ɗan fari ba a kiran sunansa, balle a yi wasa da shi a gaban mutane. Yaron da ya saba jingina da ubansa sai ya ga uban yana kau da kai in ya matso, bai kuwa san laifin da ya yi ba. Matar da ta saba a ce mata "Me kika gani?" sai ta koma jin hukunci daga bakin yaron da aka aiko daga zaure. Mutumin da ya shekara goma yana jan iyalinsa a ƙasashen da ba ya jin harshensu, yau sai ya nemi izini kafin ya sayar da akuya. Ba mamaki da yawa daga cikin masu dawowa ba su daɗe a gandu ba suka nemi a fitar musu da nasu, suka ja darni a gefe suka yi tasu ƙofar. Dangi sukan ɗauki wannan a matsayin girman kai na wanda ya je Makka. Ni ina ganin neman numfashi ne.

Yaran su ne baƙin gaske. Wanda aka haifa a Madani ko a wani sansanin leburori na Jazira, aka kawo shi Hunkuyi yana ɗan shekara takwas aka ce masa ga garinku, bai bar komai a nan ba da zai dawo gare shi. Hausarsa a karye take, in ya yi fushi Larabci ke fita. Tsaransa su bi shi suna kwaikwayon maganarsa, suna kiransa ɗan Sudan. Bai san wa zai durƙusa wa ba, bai san wace ce gwaggo wace ce inna ba, bai san abokan wasansa na dangi ba, sai ya ɗauki tsokanarsu da zafi. A gona ya san ruwan da ake buɗe wa hanya daga magudana, bai san riƙon garma ba. A makarantar allo ce kawai yake samun sauƙi, domin ko da yake Larabcin kasuwa daban yake da na Alƙur'ani, harshensa ya riga ya saba da haruffan da ke ba sauran yara wahala. Ƙanana sukan narke cikin shekara biyu ko uku. Waɗanda suka iso da ƙuruciyarsu ta riga ta ƙare a can su ne abin tausayi, kuma akwai gidajen da suka dawo rabi, don an aurar da babbar ɗiya a Sudan an baro ta. Uwa tana Kudan, ɗiya tana bakin kogin Nilu, tsakaninsu sai saƙon baki in an sami mai tafiya.

Duniyar waje ma takan juya a bayan mutum. Wanda ya fita a tsakiyar shekarun 1950, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, ya dawo bayan 1960, ya tarar Sarki Muhammadu Aminu ne a gadon sarauta tun 1959, Turawa sun miƙa mulki, kuɗin da ya sani an canja su, samari suna gardamar jam'iyyun NPC da NEPU a dandali. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Waɗanda suka fi saurin kafuwa su ne waɗanda suka dawo da sana'a a hannu. Wani ya koyi ɗinkin keke a Omdurman, wani tuƙi ko gyaran mota, wani gashin burodi, wani kuma ya zauna gaban malamai a Makka ko Madina ya dawo da littattafai, gari ya ba shi limanci ko ya buɗe makaranta a zaurensa. Sunan Alhaji kansa jari ne a lokacin. Attajirin Zariya ko na Kano ya fi sakin jiki ya ba shi kuɗin sayen auduga ko mazarƙwaila, don ana ganin wanda ya sha wannan wahala saboda Allah ba zai ci amana ba. Ga kuma sanin hanya da sanin mutane, da rashin tsoron baƙon wuri, abubuwan da kasuwanci ke so.

Wasu kuwa zaman bai karɓe su ba sam. Damina ɗaya, biyu, sai a ga mutum ya fara tsayawa a bakin hanya yana tambayar masu wucewa labarin gabas. Daga baya ya ce zai raka wasu maniyyata ya nuna musu hanya, tunda ya san zango-zango, ya tafi, wani ya dawo wani shi ke nan. Mutane sukan ce ƙafar yawo gare shi. Kafin a yanke masa wannan hukunci ya kamata a tambaya me ya tarar da ya dawo. In gonar ta tafi a jingina, matar ta yi aure, iyaye sun rasu, 'ya'yansa kuma kullum suna kukan a mai da su inda suka sani, to me zai zaunar da shi? Wanda ya sami ƙani mai amana da faccala mai haƙuri ya zauna. Wanda bai samu ba ya koma hanya, inda aƙalla ya san yadda ake rayuwa.

Zamani ya zo ya taƙaita tafiyar. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da manyan motoci, abin da ke cin shekaru ya koma watanni ga mai hali. A shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano. Alhaji Abubakar Imam, wanda ke aiki a Zariya, ya je Hajji a 1953 ya dawo ya ba gwamnati rahoton halin da mutanenmu ke ciki a can, Sardauna Ahmadu Bello ya je a 1955, a 1975 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa. Talakawa ba su daina bin ƙasa nan take ba, an ci gaba da yi har shekarun 1970, amma abin ya yi ta raguwa. Manomin rake na Makarfi a yau yana iya tafiya bayan ya yi shuka ya dawo bai rasa noman farko ba. Ba ya jinginar da gona a gaban dagaci, matarsa tana jin muryarsa a waya daga Mina.

Sauran su ne waɗanda ba su dawo ba, kuma suna da yawa. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno kusa da Sinnar. Alhazan da suka biyo baya suka cika ƙauyukan Jazira da Gadarif da Kasala da bakin Shuɗin Nilu. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da su ya rubuta littafi a 1995, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya a kan hanyar Makka, ko da ba su taɓa ganin teku ba. Su ma maganar ƙasa ce ta bi su. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawan can sun nemi a ba su tasu sarautar gargajiya, wasu ƙabilu suka ce baƙo ba shi da ƙasa balle sarauta, kafin ƙarshen shekarar an rasa ɗaruruwan rayuka. A watan Afrilu na 2023 kuma yaƙi ya tashi a Kartum, ya bazu har Madani da Jazira da Sinnar, wuraren da kakanninsu suka tsinci auduga.

Cikin waɗanda wannan yaƙi ya tarwatsa akwai masu riƙe da sunan wani gari da suka ji a bakin kaka: Zariya, Makarfi, Ikara, Paki. In ɗayansu ya iso yau yana cigiya, dagaci zai tambaye shi sunan kakan da sunan uban kakan da unguwarsu, sannan a aika a kira mafi tsufa a garin. Gonar dai an raba ta gado sau biyu ko uku, ba maganarta ake ba. Abin da zai iya samu shi ne wanda zai ce, "Na san gidan, ga jikokin ƙaninsa can," a kai shi a ba shi ruwa da ɗaki. Masu iya faɗin haka su ne yaran nan da aka kawo daga Madani ana yi musu dariyar Hausa, da tsaransu da suka yi dariyar. Wanda aka haifa a 1950 a cikinsu yanzu ya haura saba'in.